WA KE SHAN ƘURARKA?

Ina so mu yi shawara a kan wata tambaya wadda kakanninmu ba su san ta ba, amma yau ta shigo har cikin gidajen masu bi. Ga ta: ko ya dace mai bin Yesu ya mallaki babbar motar nan da muke kira kat-kat, ya riƙa tuƙa ta a tsakiyar mutanen da yawancinsu jaki da amalanke ne abin hawansu?

Kada ka ce, "Wannan magana ba tawa ba ce, ni ko keke ba ni da shi." Taka ce. Ƙasarmu ta Adar ƙasar cin rani ce. Da an gama girbi samarinmu sukan kama hanya, waɗansu Abijan, waɗansu Libiya, waɗansu Nijeriya ko Kamaru. Wanda Allah ya buɗa wa yakan so ya komo gida da abin da ido zai gani. Dā rediyo ne da agogo, daga baya babur, yanzu kuwa mota. Wataƙila ɗanka ne zai nemi shawararka gobe. Wataƙila mai neman 'yarka ne zai zo a cikinta. In ma babu ko ɗaya, ai yaronka yana bin gefen hanya zuwa makaranta, matarka kuma tana bin ta zuwa kasuwa. Mota ta shafi na ciki, ta shafi na waje.

ƘARFE BA SHI DA ZUNUBI

Bari mu fara da ba motar nan hakkinta. Domin aiki aka ƙera ta. A 1948 aka fito da Land Rover a Ingila saboda manoma. A 1954 kamfanin Toyota na Japan ya sa wa tasa suna Land Cruiser. Ƙafafunta huɗu duka suna ja, cikinta kuwa yana nesa da ƙasa, shi ya sa takan ratsa inda ƙaramar mota za ta kafe.

Kai ma ka san ƙasarmu. Da ka sauka daga kwaltar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Tawa, ko wadda ta bi ta Malbaza zuwa Madawa, sai duwatsu da rairayi da ƙoramu. Da damina lakar Maggiya takan riƙe ƙafar sa, balle tayar mota. A ce mace ce haihuwa ta zo mata da gardama da tsakar dare cikin watan Agusta, a wani ƙauye bayan Tajaye. Asibitin Galmi, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1950, yana nan, amma yaya za a kai ta? A irin wannan dare, mota mai ƙarfi jinƙan Allah ce.

Littafi Mai Tsarki ma bai la'anci abin hawa ba. Cikin Farawa sura 45, Yusufu ya aika da kekunan shanu daga Masar domin a ɗauko tsohonsa Yakubu da mata da yara a lokacin yunwa. Cikin Ayyukan Manzanni sura 8, wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha yana tafe cikin karusarsa, ya roƙi Filibus, mai tafiya a ƙasa, ya hau ya zauna tare da shi. A cikin wannan karusa ya ji bishara, daga cikinta kuma ya sauka aka yi masa baftisma.

Amma akwai wata karusa kuma. Cikin 2 Sama'ila sura 15, Absalom ɗan Dawuda ya samo wa kansa karusa da dawakai, ya sa mutum 50 su riƙa gudu a gabansa. Ba kaya yake ɗauka ba, ba maras lafiya yake kaiwa ba. So yake mutane su ga girmansa, domin ya sace zukatansu daga wurin ubansa. Ka san ƙarshensa. Tun kafin wannan, cikin Maimaitawar Shari'a sura 17, Allah ya riga ya hana sarkin Isra'ila tara dawakai da yawa, ya kuma ce kada zuciyarsa ta ɗaukaka bisa 'yan'uwansa.

Ashe karusa ɗaya ce, amma ta mutumin Habasha ta ɗauki baƙo, ta Absalom kuwa ta sa mutane gudu cikin ƙura. To, taka wacce ce?

ABIN DA KA SAYA, WANI KE BIYA

Mai sayen babbar mota yakan ce, "Saboda lafiyar iyalina na saye ta. In an yi karo, mu ne za mu tsira." Gaskiya ne sau da yawa. Amma ka tsaya ka yi tunani: in an yi karo, da wa aka yi? Da ɗan kabu-kabu, da mai amalanke, da yarinya mai tallan ƙosai. Kariyar da ka saya wa kanka, da jikinsu ake biyanta.

Babbar irin nan da ake kira V8 nauyinta ya wuce kilo 2,500 tun ba a sa mata kome ba, wato nauyin buhun gero 25 na kilo ɗari-ɗari. In tana gudun kilomita 100 a awa, takan ci kusan mita 28 cikin sakan ɗaya. Wato daga lokacin da idon direba ya ga yaro zuwa lokacin da ƙafarsa ta taɓa birki, motar ta riga ta yi taku fiye da 30. Kuma in ka ninka gudu sau biyu, nisan da take bukata ta tsaya yakan ninku sau huɗu.

Ga kuma tsawon gabanta. Ƙaramar mota takan bugi mutum a ƙafa. Babba kuwa takan bugi babba a ƙirji, ta bugi yaro a kai, ta tura shi ƙarƙashinta. Ƙaramin yaro da ya tsaya dab da hancinta, direba ba ya ganinsa sam. A 2023 wata hukuma ta kamfanonin inshora a Amurka ta binciki haɗari kusan 18,000 da mota ta buge mai tafiya a ƙasa. Ta iske cewa motocin da gabansu ya fi mita ɗaya tsawo sun fi masu gajeren gaba kisa da wajen kashi 45 cikin 100. Wannan a ƙasar da asibiti yake kusa ke nan. Yaya kake gani a wurinmu?

SA MAI TUNKUYI

Kai manomi ne, za ka gane wannan shari'a da sauri. Cikin Fitowa sura 21, Allah ya yi wa Musa bayani a kan sa wanda ya tunkuyi mutum har ya mutu. In san bai taɓa yin haka ba, mai shi ba shi da laifi. Amma in an san halinsa, an kuwa faɗa wa mai shi, shi kuma bai tsare shi ba, to alhakin jinin yana wuyansa. Haka kuma cikin Maimaitawar Shari'a sura 22, an umarci mai gina sabon soro ya ja rawani kewaye da rufinsa, domin kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan.

Ka lura da hikimar Allah. Bai hana kiwon sa ba, bai hana gina soro ba. Amma ya ce duk abin da ka mallaka wanda yake iya kashe mutum, kai ne mai tsaronsa. Kuma gwargwadon ƙarfin abin, gwargwadon nauyin da ke kanka.

Mun saba cewa, "Tsautsayi ne, kwana ya ƙare." Hakika rai da mutuwa suna hannun Allah. Amma mai san nan ba a karɓi wannan amsa daga bakinsa ba, gama an riga an gargaɗe shi. Wanda ya ratsa kasuwar Badagishiri da gudu, ko ya ba ɗansa makulli alhali yaron ba shi da takardar tuƙi, ko ya riƙa waya yana tuƙi, ko ya san birki ya mutu ya ce sai wata mai zuwa, ya saki sa mai tunkuyi cikin gari. Kai ma da kake karanta takardar nan, yau an gargaɗe ka.

GILASHI DA ƘURA

Akwai wata ɓarna wadda ba ta zub da jini, amma tana cin zumunci. Mai jaki in ya wuce ka, yakan yi sallama, ka amsa. Mai keke yakan sa ƙafa ƙasa ku gaisa. Mai babbar mota yana zaune can sama, gilashi a rufe, sanyi yana busa shi. Ba ya jin sallama, ba ya jin kuka. Ƙurar da ya tayar kuwa ba ta shiga wurinsa. Takan sauka a kan tsohuwa mai ɗauke da itace, da ƙwaryar nonon Bafillatana, da tulun ruwan da yarinya ta sha wahala ta ɗebo.

Ubangiji Yesu ya ba da misali cikin Luka sura 10 a kan mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Firist ya gan shi ya raɓa ya wuce. Balawe ma haka. Su fa da ƙafa ko da dabba suke tafe, sun gan shi ido da ido, duk da haka suka wuce. To, ina ga wanda ke gudun da ko gani ba ya yi? Basamariyen da Yesu ya yaba, shi yana da abin hawa. Abin da ya yi da shi ke nan: ya tsaya, ya je wurin mutumin, ya ɗaure masa raunuka, ya aza shi bisa dabbarsa, ya kai shi masauki, ya biya daga aljihunsa. Abin hawansa ya zama gadon maras lafiya.

Ka tuna kuma, mu masu bi kaɗan ne a ƙasar nan. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba za su taɓa buɗe Littafinmu ba, amma suna karanta tafiyarmu. In motar da aka rubuta aya a bayanta ita ce take watsa wa mutane ruwan laka da damina, wace bishara ke nan aka yi?

CIKIN DA BA YA ƘOSHI

Sayen mota rana ɗaya ne, ciyar da ita kullum ne. Waɗansu cikin manyan nan tankunansu suna ɗaukar lita fiye da 130. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar fetur zuwa sefa 499. Ka yi lissafi bisa wannan: cika ɗaya kusan jika 65. Kai ka san tiya nawa ta gero wannan kuɗi zai saya a kasuwarku, ka kuma san kwana nawa gidanka zai ci.

Man ma ba shi da tabbas. Ko da yake tun 2011 ana tace mai a matatar Damagaram, mu na bakin iyaka mun daɗe muna dogara ga mai arha da ke shigowa daga Nijeriya ta Illelar Sakkwato. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya janye tallafin mai, sai kwalbar bakin hanya ta tashi. Cikin Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin mai a ƙasarmu, motoci suka yi dogon layi a gidajen mai. Ban da wannan ga taya, ga batir, ga inshora, ga makanike.

In dukiyarka ta isa ta ɗauki wannan ba tare da ka tauye kowa ba, to. Amma wanda ya sayar da gonar gado, ko ya ci bashi, ko ya hana 'ya'ya kuɗin makaranta domin a ce da shi mai mota, ya sa kansa cikin bauta. Karin Magana sura 22 ta kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi rance. Mutanenmu ma sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma hayaƙi. Hukumar Makamashi ta Duniya, wadda ke Paris, ta ce a 2023 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a duniya irin manyan nan ne, hayaƙinsu kuwa ya wuce tan biliyan ɗaya a shekarar. Masana sun nuna irin wannan hayaƙi yana ƙara zafin duniya, yana rikita damina. Lalle rabon Nijar cikin wannan laifi ƙanƙane ne ƙwarai, manyan ƙasashe ne suka fi ɗaukarsa. Amma mu da tsofaffinmu suka ga yunwar 1973 da ta 1984, muka kuma ga ambaliyar 2024, bai kamata mu ƙona mai a banza don fahariya ba. Allah ya sa Adamu cikin gona domin ya yi aikinta ya kiyaye ta.

WANI ZAI CE

Wani zai ce, "Kuɗina ne, guminsa na sha." Hakika ka sha wahala a ƙasar mutane, babu mai musu. Amma wa ya ba ka lafiya, wa ya komo da kai gida alhali waɗansu sun kwanta a Sahara? Mai bi wakili ne bisa kayan Ubangijinsa, wakili kuwa za a bi lissafinsa. Hanyar ma da kake bi ba taka kaɗai ba ce.

Wani zai ce, "Mishan ma suna da ita, fasto ma yana so." Ma'auni ɗaya ne ga kowa. Motar asibiti da ta ikkilisiya, in ta bar aikin da aka saye ta dominsa ta zama ta nuna isa, ta koma karusar Absalom, ko da an rubuta sunan Yesu a ƙofarta.

Wani kuma zai ce, "In na buɗe ƙofa, gari duka zai hau, mota ta mutu." Wannan damuwa gaskiya ce. Ba a ce ka zama motar haya ta kyauta ba. Kana iya sa ƙa'ida. Mai hali ya taimaka da kuɗin mai, wannan ba laifi ba ne. Mai zuwa yawon biki ya nemi ta tasha. Amma mai naƙuda, da wanda maciji ya sara, da yaro mai suma saboda zazzaɓi, waɗannan kada ka tambaye su kuɗi kafin ka tada inji, kada kuma ka tambayi addininsu ko asalin gidansu.

KAFIN KA SAYA, DA BAYAN KA SAYA

In kana shirin saye, ka zauna da matarka ku yi addu'a, ku amsa waɗannan a gaban Allah.

1. Kwana nawa cikin shekara aikina yake kai ni inda ƙaramar mota ko babur ba za su je ba?
2. Da babu mai ganina a cikinta, da har yanzu ina sonta?
3. Wa zai rasa wani abu a gidana saboda ita?
4. Bambancin kuɗinta da na ƙarama, me zai yi in an sa shi ga rijiya, ko rumbun tsimi, ko karatun yara?

In ka riga ka mallaka, ga abin da ya wajaba. Ka rage gudu a kowane gari da ƙauye, har ka iya tsayawa in yaro ya ɓullo. Ka kewaya motar da ƙafa kafin ka tashi. Ka sassauta in za ka wuce mai tafiya a ƙasa a kan burji. Ka ba garken Bafillace da raƙumin Buzu lokaci su ƙetare. Kada ka ratsa shukar mutum don kana da ƙafa huɗu. Ka sauke gilashi ka gai da mutane. Ka bar maƙwabta su sani ƙofarka tana buɗuwa da dare.

GA KU DA BA KU DA ITA

Ku ma akwai rabonku. Sau da yawa mu ne muke tura 'ya'yanmu. Uba yakan ce, "Ɗan wane ya zo da mota, kai fa?" Yaro ya tafi da wannan magana a zuciya, ya shiga abin da bai kamata ba. Ke kuma uwa, in masu neman 'yarki biyu ne, kada ƙarar inji ta toshe miki kunne ga halin mutum. Hausawa sun ce kowa ya hau motar kwaɗayi za ta sauke shi a tashar wulaƙanci. Doka ta goma cikin Fitowa sura 20 ta hana ƙyashin jakin maƙwabci da sansa, motarsa ma tana ciki.

Ku dattawan ikkilisiya, ku karanta Yaƙub sura 2. In mai mota ya zo sujada aka kawo masa kujera gaba, mai jaki kuwa aka bar shi a tabarmar baya, mun yi zunubin tara. Kada kuma mu tsane shi ko mu yi da shi don ya samu. Ɗan'uwa ne, jarabarsa ma ta fi tamu yawa. Yana bukatar addu'a da gaskiya daga bakinmu.

WANDA YA SAUKO

Ya mai karatu, dukan maganar nan ta taru a wuri ɗaya. Babbar mota tana ɗaga mutum sama da 'yan'uwansa, zuciyar ɗan Adam kuwa tun daga gonar Aidan son hawa take. Wannan ciwo yana cikin mai mota, yana cikin mai jaki. Sayar da mota ba ya warkar da shi, rashinta ma ba ya warkar da shi.

Akwai Ɗaya wanda ya fi kowa ɗaukaka, shi kuwa ya sauko. Filibiyawa sura 2 ta nuna mana yadda Yesu Almasihu ya bar darajarsa ta sama, ya ɗauki matsayin bawa, ya yi biyayya har mutuwar gicciye. Ya taka hanyoyin Galili da ƙafa, ya sha ƙurar dawakan Romawa. Ran da ya shiga Urushalima a matsayin sarki, jaki ya hau, shi ma na aro. Ya mutu domin girmankanmu da ƙyashinmu, ya tashi a rana ta uku, Allah kuwa ya ɗaukaka shi bisa kome.

Ranar shari'a ba za a tambaye ka irin motarka ba. Cikin Matiyu sura 25, Ubangiji ya nuna zai yi tambaya a kan mayunwaci da baƙo da maras lafiya, ya kuwa ce abin da aka yi musu shi aka yi wa. Wanda ke gefen hanya yana ɗaga hannu, ka san ko wane ne?

In kana so ka ba shi zuciyarka da abin hannunka, ka yi addu'a kamar haka:

Ya Ubangiji Yesu, kai da ka sauko domina, ka gafarta mini son girma da ƙyashi. Ka karɓe ni, ka karɓi abin da na mallaka, ko jaki ne, ko babur, ko mota. Ka tsare hannuna daga jinin mutane. Ka buɗe idona in ga maƙwabcina a hanya, ka ba ni zuciyar tsayawa. Amin.

Ka karanta wa iyalinka takardar nan bayan cin tuwon dare, sa'an nan ka ba maƙwabcinka.